Dokin da Muka Bari a Kwance

Wata ɗaliba ta shigo shagon da nake aiki a Samaru kwanan baya, waya a hannu, ta ce tana so a buga mata littafin yara kafin la'asar. A wayar ta rubuta labarin, a wayar ta samo hotunan, abin da ya rage a ganinta shi ne in danna maɓalli. Na fitar mata da kwafi ɗaya, na ɗinke shi da wayar ƙarfe, ta karɓa ta tafi tana murna. Ban ja da ita ba, domin shagon ba nawa ba ne, kuma a bayanta akwai layin masu jiran a ɗaure musu kundin kammala karatu. Sai dai irinta suna da yawa, saboda su ne ma nake wannan rubutu. Abin da ta tafi da shi takardu ne masu launi. Littafin yara kuwa dole ya fito da yawa, ya yi arahar da uwa mai tuyar ƙosai za ta iya saya, ya jure hannun yara da aljihun jakarsu, kuma dokin da ke shafin farko ya zama shi ne dokin da ke shafin ƙarshe. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya rufe shagon da na koyi aiki.

Zan faɗi abin da na gani da idona. Inda labari aka ba ni, zan ce labari aka ba ni.

Aikin farko da mai wancan shagon, Baba Yohanna, ya sa ni shi ne wankin rola. Na je wurinsa a Chikaji bayan na gama karatun zane a jami'a, da takardata a cikin leda. Bai buɗe ledar ba. Ya miƙo mini tsumma da galan na kananzir, ya nuna mini rolar roba da ke raba tawada a cikin injin, ya ce in wanke baƙin da ke jikinsu har sai farar takarda ta bi ta kansu ta fito fara. Na wanke, na kira shi. Ya tura takarda, ta fito da dishi-dishi. Na sake. Haka muka yi har azahar ta wuce. Dalilin da ya ba ni daga baya shi ne injinsa tsohon injin Jamus ne mai ɗaukar launi ɗaya tak. In ana son hoto mai cikakken launi, sai kowace takarda ta ratsa injin sau huɗu: shuɗi, sannan rawaya, sannan ja, sannan baƙi. Tsakanin kowane launi da mai bi masa sai an wanke. Ɗigon baƙin da ya ɓuya a gefen rola ya isa ya mai da rawaya kamar miyar kuka.

Kowane launi da farantinsa. Farantin nan, wanda masu aikin ke kira filet, fallen alminiyom ne marar kauri, ana naɗa shi a jikin gangar injin. Wanda bai sani ba yakan zaci hoton a tashe yake a kansa kamar na hatimi. Ba haka ba ne. Sumul yake, ko ka shafa ba za ka ji komai ba. Inda hoto yake yana kama tawada, inda babu hoto yana kama ruwa, tawada kuma ba ta zama inda ruwa yake. Hoton da ke kansa ma ba shi da launin da zai fito a takarda, wani toka-toka ne mai ratsin kore, ko farantin ja ne ko na shuɗi. A gefen kowane faranti akwai ƙananan alamun gicciye. Aikin mai injin shi ne ya sa gicciyen launuka huɗun su hau kan juna har su zama kamar guda. In suka hau, hoto ya fito. In suka sha bamban ko da kaurin gashi ne, fuskar mutum sai ta yi inuwa. Baba yakan duba su da gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyansa, yana tsokanata cewa a shagonsa ko limami ne ya zo koyon aiki sai ya bi gicciye. Nakan ce masa ni dai nawa bin na tsakanin safe da yamma ne.

Yana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba a layin. Sauran masu ɗab'i suna gama aiki suke sayar da farantan ga maƙeran gwangwani, a yi mazurari da murhun gawayi da su. Shi ma yakan sayar da na katin biki da na fosta. Amma farantin littafi, ko na ƙaramar addu'a ne, sai ya wanke shi, ya shafe shi da ruwan ƙaro don kada iska ta ci shi, ya naɗe da takarda, ya rataye a bango. Yakan ce littafi ba ya mutuwa don ya ƙare a kasuwa, sai ranar da aka sayar da farantinsa.

Abin da ke ciyar da shagon ba littattafai ba ne. Katin ɗaurin aure ne, da tsarin sujadar jana'iza, da takardar shaidar saukar karatu ta makarantun Islamiyya, da rasit na 'yan kasuwar Sabon Gari, da kalandar ƙungiyoyi, sai kuma ayyukan ɗalibai da malamai da ke zuwa daga Samaru, waɗanda su ne mafi yawa. Kowane mai kawo aiki yana da halinsa. Mai katin biki yakan zo ana gobe biki. Mai kalanda yakan so a ƙara wa shugaban ƙungiya haske a fuska, a rage wa ma'aji. Mai jana'iza ba ya ciniki, saboda haka Baba ba ya bari kowa ya yi magana da shi sai shi da kansa.

Katin biki ne ya kawo mana Malam Tanko. Tsoho ne ɗan siriri daga Dogarawa, ƙafafunsa a ɗan gwame, ya zo buga katin auren jikarsa. Yana jira sai idonsa ya kai kan wata kalanda mai hoton doki a guje. Ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa takardar, don tun lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, ya ce wanda ya zana wannan, akuya ya sani, ba doki ba. Baba ya tambaye shi ko shi ya san doki. Sai ya ja benci ya zauna. Ashe mahayin dawakin sukuwa ne a zamaninsa, kuma shi ne ya hau Mai Safa.

Ni ban taɓa jin sunan ba. Baba ya ji, ya ce lokacin ƙuruciyarsa in aka ce Mai Safa zai fita, masu shaguna kan rufe su tafi filin sukuwa. Bisa labarin Malam Tanko, bikili ne, wato ja mai duhu, da baƙar geza da baƙar wutsiya, sai fari a ƙafarsa ta gaba ta hagu daga kofato zuwa ƙasan gwiwa, inda ya samo sunansa. Wani attajirin Sabon Gari ya saye shi a ƙauye yana ɗan ƙarami, ramamme, ana yi masa dariya. Ya girma ya yi ta cinye tsere a Zariya da garuruwan da ke kewaye. Matar Baba, Mama Rifkatu, wadda ta yi ritaya daga koyarwa a firamare ta dawo tana naɗe mana takardu, tana gefe tana saurare. Ta daɗe tana ƙorafin cewa littattafan da ake ba yaranta cike suke da dabbobin da ba su taɓa gani ba. Kafin tsohon ya karɓi katinsa ta riga ta sa ya yi alkawarin dawowa.

Haka aka raba aikin: Malam Tanko ya ba da labari, Mama ta rubuta shi da Hausar da ɗan aji uku zai karanta, ni na zana, Baba ya buga. Aka tsara littattafai uku, kowanne shafi talatin da biyu, domin babbar takarda in an naɗe ta shafi goma sha shida take bayarwa, labarin da ya haura kuwa sai an sayi wata takardar sukutum saboda shi. Na ga Mama ta yanke jimlar da take so ƙwarai don kawai ta zauna a ƙarƙashin hoto. Wannan ne karo na farko da Baba zai buga abin da ba wani ne ya kawo masa ba, kuma sunan shagonsa zai fito a bango.

Zanen shafin da doki ke cin dusa ya ɗauke ni lokaci fiye da na tseren. Na yi ta zuwa wata barga a Dogarawa inda Malam Tanko yake da sanayya, ina zama a kan turmi ina kallon yadda doki ke sauke wuya, da yadda yake hutar da ƙafar baya guda in yana tsaye. Hoton Mai Safa ɗaya ne ya rage a duniya, iyakar sanina, shi ma baƙi da fari ne, ya koɗe. Saboda haka launin jikinsa daga bakin tsohon muka samo shi. Na haɗa ja iri-iri a kan takarda ina kai masa, yana fita da su rana yana kangawa a ido. Ya ce wannan goro ne da aka tauna, wancan kuma hanta ce. Wanda ya karɓa a ƙarshe ya ce shi ne launin jar ƙasa in ruwan fari ya sauka a kanta. Shi ma tsohon ba kullum yake daidai ba. Ya ba mu labarin tseren farko sau biyu, a gari biyu daban. Da na nuna masa, ya ce in zaɓi wanda ya fi daɗi. Ban zaɓa ba. Na roƙi Mama ta rubuta cewa a wani gari ne, ta yi hakan tana cewa da ni ne mai ba da tatsuniya da yara sun yi barci kafin in gama tantance sunan gizo.

Littafi na farko ya fito, na biyu ya biyo shi. Mama ce ta riƙa ɗaukarsu a jaka tana bin makarantun Muchia da Dogarawa da Samaru. Ba mu yi arziki da su ba, amma sun shiga hannun yara. Na ga wani kwafi da aka karanta har bangonsa ya zama kamar tsumma, an ɗinke shi da zaren buhu. Yara sukan tsaya a ƙofar shago bayan an tashi makaranta suna tambayar ko nan ne gidan Mai Safa.

Shafin ƙarshe na littafi na biyu shi ne abin da ya kamata mai karatu ya riƙe. A tserensa na ƙarshe, in ji Malam Tanko, dokin yana gaba ƙafar nan mai fari ta faɗa rami, jijiya ta tsinke, ya kife. Dokin sukuwa in ya faɗi haka, yawanci ya gama. Masu shi suka yanke shawarar a rabu da shi, sai Malam Tanko ya roƙa aka bar masa. Ya rataye shi da igiya da buhu a jikin itace don kada nauyinsa ya hau ƙafar, ya yi ta jinyarsa har ya taka ƙasa da kansa. Bai sake tsere ba. Ya tsufa a Dogarawa yana ɗaukar yaran unguwa a bayansa, ya mutu a turkensa. Wannan jinya da tashin su ne littafi na uku. Baba ya ce a tsayar da na biyu daidai inda dokin yake kwance a ƙasa, mutane sun kewaye shi, domin yara su matsu su nemi na gaba. Ta fuskar sana'a shawara ce mai kyau, ni ma na goyi bayanta. Malam Tanko ne kaɗai bai so ba. Ya daɗe yana kanga shafin a idonsa, sannan ya ce:

"Yohanna, kada ku bar shi a kwance. Ni ban bar shi ba."

"Haba Malam Tanko, kai da ka jira shi wata da watanni? Kafin ruwa ya sauka za mu tashe shi."

Shekarar da ta biyo baya ita ce mummunar shekara. Jami'a ta shiga dogon yajin aiki, Samaru ta zama kamar an share, ayyukan da ke zuwa mana daga can suka tsaya cak. Masu fosta sun riga sun koma wurin masu manyan injinan zamani da ke bugawa a kan leda. Farashin takarda ya riƙa canjawa tsakanin tambayarka da dawowarka. Wuta ba ta zama, dizal kuma ya fi ƙarfin aikin katin biki. Duk da haka Baba ya ce alkawari ne. Ya sayar da ƙaramin injin da muke buga kati da shi, ya sayi takardar littafi na uku, aka yi farantai goma sha shida ban da na bango. Kowa a shagon ya san takardar nan ita ce ta ƙarshe, in ta lalace babu abin da za a sake sayarwa.

Mun fara a tsakiyar bazara, zafi na dukan kwanon rufi. Shuɗi ya tafi lafiya, gaba da baya. Muka wanke, rawaya ta hau, gicciye ya zauna daram. Sai muka zo kan ja. Gwangwanin da muka yi littattafai biyun farko da shi ya ƙare, irinsa kuma ya ɓace a kasuwa. Mai sayar mana da tawada a Sabon Gari ya kawo wani, wanda ake buga fostar 'yan siyasa da shi, ya ce ja ai ja ne. Muka gwada a kan 'yan takardu. Gicciye ya hau, zane ya fito tsaf, amma dokin ya zama launin manja. Baba ya ɗiga masa shuɗi ya cakuɗa, ya koma kamar tsohuwar hanta, fuskokin mutanen da ke hoton kuma suka yi kamar masu ciwo. Aka aika wa Malam Tanko. Ya fita da takardar bakin ƙofa, ya juya ta ga rana, ya ce wannan tattasai ne aka yi wa ƙafa huɗu.

Na yi ta tunani ko idonsa ne ya yaudare shi, don a lokacin ganinsa ya ragu sosai. Amma ni ma na ajiye littafi na biyu kusa da sabuwar takardar, na duba a cikin shago, na duba a waje. Bambancin a fili yake. Mama ce ta ƙi yarda a tsaya. Ta nuna mana gabas inda hadari ya fara haɗuwa da yamma, ta ce yaro labari yake bi, ba ya auna launi, mu buga mu huta. Don ta kashe gardamar sai ta ɗauki takardar ta kai makarantar da ta koyar. Ta dawo ta ajiye jakarta, ta zauna, ba wanda ya tambaye ta sai da ta sha ruwa. Ta ce tana ɗaga takardar wata yarinya ta ce wannan wani dokin ne, ajin kuma ya ɗauka cewa Mai Safa ya mutu ne aka kawo wani a madadinsa don kada su yi kuka.

"Ku jira janku," in ji ta. "In ba shi ne ya tashi ba, me muka yi?"

Ga abin da masu danna maɓalli ba su sani ba. Takarda tana shan iska. Da rani takan tsuke, da damina takan sha laima ta buɗe, kuma ba ta buɗewa daidai ta kowane gefe. In ka fara aikin launi huɗu, ƙa'ida ita ce ka gama shi a yanayi guda, domin launin da ka riga ka buga yana tafiya tare da takardar duk inda ta miƙe, faranti kuwa ƙarfe ne, yana nan yadda yake. Baba ya fi kowa sanin wannan. Mai tawada ya ce irin namu yana hanya daga Legas, mako mai zuwa. Muka ɗora takardun a kan katako, muka naɗe su da leda ninki biyu, muka ɗaure. Mako mai zuwa ya zama wani makon. Ruwan fari ya sauka, na tsaya a ƙofar shago na ga jar ƙasar layin ta koma launin da muke nema. Sannan ruwa ya zauna sosai. Shagon a gangare yake, daɓensa yana tsattsafo da laima ko ba a yi yoyo ba.

Ranar da gwangwanin ya iso muka kwance ledar. Gefen takardun ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar bakin zanen da aka shanya. Baba ya sa faranti, muka tayar da janareta. Jan kuwa shi ne, ba shakka. Amma in ya daidaita gicciyen da ke gaban takarda, na baya sai ya kauce da kaurin tsinken tsintsiya. In ya bi na baya, na gaba ya gudu. A kan hoton, jan ya zame daga jikin dokin ya fita waje, kowace ƙafa ta zama biyu, farar safar nan rabinta ta rine. Ya ƙara takarda a ƙarƙashin bargon roba na injin, ya rage, ya sassauta faranti ya ja shi da hannu. Muka baza takardun a kan igiya, muka hura gawayi a tsakiyar shago, suka nannaɗe kamar tabarma. Ya ce a bari sai kaka, wataƙila su koma. Da kaka ta yi muka sake buɗewa. Sun tsuke, amma kowace ta tsuke yadda ta ga dama, na ƙasa kuma sun yi funfuna, gara ta shiga gefe guda.

Masu tsire da masu ƙosai ne suka saye takardun. Na daɗe ina ganin su a Sabon Gari, shuɗi da rawaya kawai, doki kore-kore kamar inuwa, mai ya jiƙa shi. Injin kuwa ba wanda ya taya, don masu ɗab'i sun daina neman irinsa. 'Yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo. Injin bai fita ta ƙofa ba, domin an girke shi ne kafin a gina bangon gaba, saboda haka suka fito da guduma. Baba ya hana su, ya ɗauko sifanarsa, ya bi su yana nuna musu inda kowane ƙusa yake da wanda za a fara kwancewa. Da aka gama ya sauke farantan da ke bango, har da na Mai Safa guda uku, ya kira maƙerin gwangwani. A ƙauyensu da za su koma noman citta, in ji shi, babu bangon da zai rataye su, kuma faranti ba inji kamar sirdi ne ba doki.

Ɗalibai sukan ce mini ai aikin yana cikin kwamfuta, me aka rasa? Gaskiya ne, yana nan, ina da shi. Na kai shi wurin masu ɗab'i biyu, dukansu suka ce littafin yara na Hausa ba ya mai da kuɗin takardarsa yanzu. Injin da nake aiki da shi a Samaru zai fitar da kwafi ɗaya, a farashin da zai ciyar da gida kwana da kwanaki. Na gaya wa Malam Tanko zan fitar masa da guda, ya ce shi ya san dokin ya tashi, ai a gabansa ya tashi, ba shi ne mai bukata ba. Yaran da suka karanta na biyu sun shiga sakandare yanzu. Har yau in wani ya gane ni a cikin motar Samaru zuwa Sabon Gari yakan tambaye ni ko dokin nan ya mutu ne.

A bara na bi ta Chikaji da rana, na tsaya sayen ƙosai. Matar ta kare murhunta daga iska da wani fallen ƙarfe da aka lanƙwasa. Gefe guda ya yi baƙi da hayaƙi, amma na ga alamar gicciye a kusurwa. Na sunkuya. Farantin ja ne na fuskar ƙarshe ta littafi na uku, shafuka takwas a jere, huɗu a miƙe huɗu kai ƙasa, yadda ake tsara su don naɗi. Wuta ta cinye uku. Shafi na talatin da biyu yana nan: doki a tsaye a gindin itace, yara biyu a bayansa. Na samo mata wani fallen kwano a madadinsa, ta ba ni tana dariya, tana tambaya ko zinariya ce a ciki.

Na kai shi Dogarawa. Malam Tanko yana zaune a zaure a kan buzu, idon ya rufe gaba ɗaya, da murya yake gane mutane. Bayan gaisuwa ya tambayi lafiyar Yohanna mai tawada, na ce suna can suna fama da gona. Sannan na gaya masa abin da na kawo, na ɗora masa a cinya, na kama hannunsa na kai shi kan shafin. Ya shafa daga sama zuwa ƙasa, ya dawo, ya bi da farce a hankali.

"Ɗana, babu komai a nan."

Na ce masa haka farantin yake, ba a jin hoton da hannu, amma yana nan a ƙarƙashin yatsunsa.

"A tsaye yake?"

"A tsaye yake, Baba."

"Ƙafar fa?"

"Ta taka ƙasa."

Ya bar tafin hannunsa a wurin. Can ya tambaye ni launin, ko an samu irin wanda ya ce. Na duba farantin, toka-toka da ratsin kore, da tabon hayaƙi a gefe. Na gaya masa cewa wannan shi ne farantin da zai ɗauki jan, amma babu ja a kansa.

Ya ɗaga shi da hannu biyu ya miƙo mini.

"Mai da wa matar nan abinta," ya ce. "Ita ko iska yana tare mata."